Baƙin Mai da Sanyin Jos: Wanne Ne Ya Dace da Tsohuwar Mota?



Hunturu ya kankama a Jos, kuma duk wanda ke fita sallar Asuba a Kwararafa ko Gangare ko Dilimi ba sai an ba shi labari ba. Ana idar da salla, kafin mai shayi ya gama haɗa wuta, za ka fara jin kukan motoci daga lungu-lungu. Wannan tana yi kamar za ta tashi sai ta fasa, waccan batir ya gaza an kira yara su tura, wata kuma ta tashi amma tana ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji, mai ita yana ta danna totur wai don ta warware. A kan wannan ƙarar ta safe nake son mu tattauna yau, domin galibi bakinta ɗaya da irin baƙin man da aka juye wa motar.

Jos ba Kano ba ce, ba kuma Sakkwato ba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa a watannin Disamba da Janairu zafin dare kan sauka zuwa digiri 11 ko 12, wasu shekarun ma har ƙasa da 10. Amma kuma kada mu cika baki, ba Rasha muke ba. Ruwan lagireto ba ya zama ƙanƙara a Kwararafa, baƙin mai ma ba ya sandarewa ya ƙi motsi. Shawarar da aka rubuta don mutanen Kanada ba tamu ba ce. Ita ma wadda ake bayarwa a garejin gari mai zafi, idan aka kawo ta nan sai an yi mata gyara. Muna tsakiya ne, kuma tsakiyar nan ita ce ke rikita mutane.

Akwai wata magana da ta zama kamar karatu a garejinmu. Ka kai mota juye, bakanike ya leƙa inji, ya dube ka ya ce: "Alhaji, motar nan ta kwana biyu, sai mai kauri." Ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya ɗaga maka ka ga yadda yake jan zare. Kai kuma ka gyaɗa kai ka biya. Ban ce ƙarya ya yi ba. Injin da ya yi shekaru yana aiki, ringinsa da metal ɗinsa sun ci, ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta buɗe, mai ruwa-ruwa yana iya sulalewa ta nan, ƙarfin famfon mai ya ragu, hayaƙi ya ƙaru. Wannan gaskiya ne. Amma gaskiyar inji mai zafi ce, ta ƙarfe biyu na rana. Yatsan bakanike bai gaya maka abin da man zai yi da ƙarfe biyar na asuba ba.

Idan mota ta kwana, man da ke jikin inji yakan tsiyaye ya koma kaskon da ke ƙasa. Da ka murza makulli, famfon mai ne zai zuƙo shi, ya bi da shi ta filta, ya tura shi cikin siraran hanyoyi zuwa karanshaf, sannan ya hau da shi har saman inji inda bawul suke. Kafin ya isa, sassan nan suna gogar juna ne da ɗan danshin jiya. Masu ƙera injuna sun daɗe da sanin cewa babban kaso na cin da inji ke yi yana faruwa ne tsakanin tashinsa da lokacin da ya ɗauki zafi. Matan da ke sayar da manja a kasuwar Kwararafa sun fi kowa fahimtar wannan: kwalbar da ake tsiyayawa salin-alin da rana, da safe sai an ajiye ta a hantsi ko kusa da wuta kafin ta yarda ta zuba. Baƙin mai bai kai manja daskarewa ba, amma halin ɗaya ne.

To, lambobin da ke jikin galan ɗin nan, irin su 20W-50 da 15W-40 da 5W-30, su ne ke faɗin wannan hali. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wato SAE, ita ta tsara ma'aunin. Lambar farko, wadda harafin W ke biye da ita, tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, kuma iya ƙanƙantarta iya saurinsa. Ana gwada mai 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 15W a 20 ƙasa da sifili, 10W a 25, shi kuwa 5W a 30. Lamba ta biyu kaurin man ne a digiri 100, wato lokacin da inji ya yi zafi yana tsakar aiki. Kenan galan ɗaya yana ba ka labari biyu. Bakanikenmu yana karanta na biyun, ya tsallake na farkon.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. A sanyin digiri 10, irin na asubahin Janairu, man 20W-50 ya ninka kaurinsa na lokacin aiki fiye da sau hamsin. A daidai wannan sanyin, 10W-40 bai wuce rabin kaurin 20W-50 ba, 15W-40 kuma ya ɗara rabin da kaɗan. Wannan bambancin shi ne tsakanin motar da ta tashi bugu ɗaya da wadda ta tsotse batir.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai sayen man nan da aka rubuta wa SAE 40 kawai, babu W. Yana da sauƙin kuɗi, kuma direbobin haya da yawa da shi suka saba. Amma ku duba lissafinsa. Da asuba kaurinsa kusan ɗaya ne da na 20W-50, da rana kuma idan inji ya yi zafi bai kai shi riƙewa ba. Ka sha wahalar mai kauri da safe, ba ka ci ribarsa da rana ba. A garin da zafi ke kwana yana iya wucewa. A Jos, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ni dai ban ga hujjar zuba shi a ƙaramar mota ba.

Kada kuma wani ya ce na haramta 20W-50. Ban haramta ba. Tsofaffin littattafan motoci suna ɗauke da wani jadawali mai nuna man da ya dace da kowane yanayi, kuma a yawancinsu 20W-50 yana aiki har ƙasa da sifili, sanyin da ba ma kaiwa. Fijo 504 da 505, irin waɗanda kamfanin PAN ya yi shekaru yana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, an ƙera injinsu ne a zamanin mai mai kauri. Haka J5 ɗin da ke ɗauko dankali daga Bokkos da Mangu, ko tumatir da kabeji daga Farin Gada. Ka tuna kuma motar da ta tashi cikin sanyin Jos da asuba, kafin azahar ta gangara Hawan Kibo ta shiga zafin Akwanga da Lafiya, gobe kuma ta hauro da lodi tana nishi a giya ɗaya. Wannan inji yana buƙatar man da zai riƙe a zafi. Idan ya riga ya fara shan mai, a bar shi a kan 20W-50 mai kyau, a gyara yadda ake tayar da shi da safe. Idan kuwa da sauran lafiyarsa, ko ba a daɗe da yi masa ringi da metal ba, 15W-40 zai fi yi masa daɗi a wannan lokaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauko 0W-20 na motocin yayi a zuba wa 504 don an ji ana yabonsa. Tsada ba ita ce dacewa ba.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne a wajen motocin da muke kira tsofaffi alhali injinsu na zamani ne. Camry ta 2003 ta haura shekara ashirin, haka Corolla ta 2005, haka Honda Accord ɗin da aka fi sani da EOD. A ido sun tsufa, fenti ya koɗe, kujeru sun yage. Amma littafin waccan Camry da Corolla 5W-30 ya ce, na Accord ɗin da aka shigo da ita daga Amurka ma 5W-20 ya ce. Injinan nan suna da na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda Toyota ke kira VVT-i, kuma da ƙarfin baƙin mai take aiki, ta wasu ƙananan ƙofofi masu rariya. Ka cika irin wannan inji da 20W-50 a sanyin Jos, sai ka ji ƙara da safe, mota ta yi nauyi, fetur ya riƙa tafiya, wata rana fitilar inji ta kama. Sai a koma gareji a ce fulogi ne, a ce kwayil ne, a yi ta canje-canje, alhali ciwon yana cikin galan. Idan irin wannan mota ta fara rage mai tsakanin juye da juye, a hau mataki ɗaya a lamba ta biyu, mai 5W-30 ta koma 5W-40 ko 10W-40, mai 5W-20 kuma ta koma 5W-30. Ba a tsallakawa daga 30 zuwa 50 rana ɗaya.

Su kuwa na tsakiya, irin su Golf 3 da Vectra da Fijo 406 da Carina E, waɗanda su ne ƙashin bayan haya tsakanin Taminus da Bukuru da hanyar Bauchi, 10W-40 ko 15W-40 shi ne gidansu. Ƙa'idar dai ba ta da wuya: lamba ta biyu a bar ta inda littafin mota ya ajiye ta, ko a ɗara da mataki ɗaya idan inji ya gaji, lambar farko kuma a sauko da ita gwargwadon hali. Na san mafi yawan motocinmu na hannu ne, littafinsu ya ɓace tun a Kwatano. To, a duba murfin da ake zuba mai, sau da yawa an rubuta a kai. In babu, yaron gidanka mai waya zai nemo maka a intanet kafin shayinka ya huce.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi gobe da safe ba tare da ya biya ko sisi ba. Ka murza makulli ba ka tayar ba, za ka ga wata jar fitila mai siffar buta. Ka tayar, ka zuba mata ido. Inji mai lafiya da man da ya dace, cikin daƙiƙa biyu ko uku za ta mutu. Idan ta daɗe tana ci, kana kuma jin ƙas-ƙas daga sama har sai ta mutu, to man bai isa da wuri ba. Ko dai ya yi kauri, ko famfon mai ya gaji, ko kuma filta ce. Filtar kirki tana da wata 'yar roba a ciki da ke hana mai komawa ƙasa idan mota ta kwana. Ta bogi robarta takan ƙandare cikin sanyi, mai ya zurare, kowace safiya inji ya fara daga fanko. Mutum ya sayi mai na dubban nairori, ya zo kan filta ya ce a ba shi ta araha. Idan kuwa fitilar nan tana ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi yana sulo, wannan ba maganar galan ba ce kuma. Metal ne ko famfo, sai an kwance.

Yanzu bari in taɓo abokaina bakanikai a inda na san ba za su ji daɗi ba, wato maganar tamostat. Al'ada ce a ƙasar nan, da mota ta iso daga Turai sai a cire shi a jefar, a haɗa fanka dairek, a ce ai na ƙasar sanyi ne. To, mu a Jos wace ƙasa muke? Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa kada ya zagaya lagireto har sai inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan babu shi, ga fanka tana bugawa tun daga murza makulli, ga iskar hunturu, inji zai yi tafiya daga Kwararafa har Bukuru bai ɗumama yadda ya kamata ba. Duk tsawon wannan lokaci man yana nan da kaurinsa. Kwamfutar motar kuma tana ganin inji da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur, wani ya ƙone, wani ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Tururin da ya kamata zafi ya kore shi ma sai ya zauna. Shi ya sa wani zai buɗe murfin mai ya ga wani abu fari-fari mai yauƙi, hankalinsa ya tashi ya ce gasket ya ƙone. Wani lokaci gasket ɗin ne, musamman in ruwan lagireto yana raguwa. Amma sau da yawa a wannan yanayi, inji ne da ba ya samun zafi, ga gajerun tafiye-tafiye daga gida zuwa kasuwa. Ko wane irin mai ka saya, in an cire tamostat, ka rage masa amfani. Motar da ke zafi a nemi dalilin zafinta, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa. Cire tamostat ɓoye ciwo ne.

Sai ɗabi'ar nan ta ba mota wuta da zarar ta tashi, har unguwa ta amsa. Wannan ita ce mafi munin abin da za ka yi wa inji mai sanyi, domin kana tilasta masa gudu a lokacin da man bai gama zagayawa ba. Mota mai injekta, minti ɗaya a sulo ya ishe ta, sai ka ja a hankali, kada ka matsa mata sai allurar zafi ta fara ɗagawa. Mai kafireto a ba ta minti biyu ko uku. Barinta tana sulo na rabin awa kuwa asarar fetur ce kawai, inji ya fi saurin ɗumama idan yana tafiya. Masu kunna kwali ko tsumma a ƙarƙashin kaskon mai don ya saki, don Allah ku bari. Tsohuwar mota ba ta rasa ɗigon fetur.

Duk bayanin nan da na yi yana da amfani ne idan abin da ke cikin galan shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin baƙin mai ya yi tashin da ya tura mutane da yawa wajen man awo, wanda ake tsiyayowa daga durom a zuba a gorar ruwa. Wani ɗanyen mai ne da ba a haɗa masa sinadaran wanke inji da rage gogayya ba. Wani kuwa kwandem ne aka tace, aka ɗura a tsohuwar robar kamfani aka liƙe. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irin waɗannan a sassan ƙasar nan. Wallahi gara ka zuba 20W-50 na gaskiya a motar da ke son 10W-40 da ka zuba jabun da aka rubuta wa lambar da ta dace. Ka saya a gidan mai ko wajen dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi, ka tsaya a buɗe a gabanka, in an gama kuma ka huda robar kafin ka bar ta. Ba dole sai na waje ba, akwai kamfanonin da ke haɗa mai a Legas da Kano da Ilori da izinin hukuma. Ka kuma duba haruffan API a jikin galan. Na motar fetur suna farawa da S, kuma iya nisan harafi na biyu iya sabuntar man: SL na 2001 ne, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Motar da aka ƙera bayan shekarar 2000 kada a ba ta abin da bai kai SL ba. Wanda aka rubuta wa SA ko SB kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Ana yawan tambaya ko man sintetik yana sa tsohuwar mota yoyo. Ba ya huda roba. Abin da yakan yi shi ne ya wanke dattin da ya toshe wata tsohuwar kafa, sai yoyon da dama yana nan ya bayyana. Injin da ke da tsabta zai amfana da shi sosai a sanyi. Wanda ya cika da dauɗa, a bi shi a hankali, a gajarta juye na farko da na biyu. Shi kuwa ɗan gwangwanin nan mai kama da zuma da ake ƙarawa wai don a kashe hayaƙi, yana ƙara kauri ne a daidai lokacin da ba a son kauri.

'Yan Keke Napep da masu babur, ku nemi man da aka rubuta wa 4T, domin a yawancin injinanku mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya hidima, a babura ma har da kuloci, kuma wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. Masu motocin dizal, 15W-40 mai alamar CH-4 ko CI-4 ya wadatar, in kuma tana wahalar tashi da safe a fara duba hita da batir kafin a zargi mai.

Hunturu ba sanyi kaɗai yake kawowa ba, har da ƙura, kuma ƙurar da ta wuce filtar iska a cikin mai take ƙarewa. A riƙa kakkaɓe filtar, in ta mutu a canza. Mai na gama-gari kada ya wuce kilomita 5,000 a inji, in mitar motarka ta daina aiki kamar ta yawancinmu, ka rubuta ranar juye a takarda ka ajiye, motar haya kuma ta fi ta gida saurin cika wannan tafiya. Kowane mako a zaro gejin mai da safe kafin a tayar, a fili mai daidai, a tabbatar yana tsakanin alamomin nan biyu.

Kira na ga shugabannin bakanikai na Dilimi da na tashoshin mota shi ne su zaunar da yaransu su koya musu karanta lambobin nan guda biyu, su kuma daina jefar da tamostat. Kai kuma mai mota, ranar juye kada ka miƙa kuɗi ka tafi shan inuwa. Ka tsaya, ka karanta galan da idonka, ka tambayi dalilin da ya sa aka zaɓar maka shi. Allah ya tsare hanya, ya ba mu lafiyar wannan sanyi.